Barcin La'asar Sakaliya da Daren Jariri

Duk wadda ta taɓa zaman layin rigakafi, a Doguwa ne ko Tudun Wada ko Kiru, ta san ƙorafin da ya fi yawo a bakin masu goyo kafin layi ya zo kansu: yaron nan ya mayar da dare rana. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce cikinsa ke murɗa masa, tsohuwar da ta rako jikarta ta taɓa maɗigarsa ta ce a dai nemi tofi. A cikin waɗannan akwai na gaskiya, kuma zan zo kansu. Amma idan yaro ya haura wata 4, yana shan nono sosai, jikinsa ba zafi, nauyinsa na ƙaruwa a katin awo, sai dai kullum ba ya runtsawa kafin ƙarfe 11, to abin da zan fara tambaya shi ne inda yake tsakanin ƙarfe 5 na yamma da kiran Magariba. Sau da yawa amsar ɗaya ce. Yana bayan uwarsa, a gaban murhu, yana sharar barci.

A ɗauki gidan manomi a Doguwa lokacin kaka, masara jibge a tsakar gida tana jiran a ɓare. An idar da La'asar, matar gida ta ɗora sanwa. Ɗanta ɗan wata 8 ya soma ƙananan koke-koke, ga wuta, ga hayaƙi, ga kaji, ba inda za ta ajiye shi hankalinta ya kwanta. Yayyensa sun tafi Islamiyya. Sai ta saɓa shi a baya ta ɗaure da majanyi. Ta sunkuya ta iza wuta, ta miƙe ta yi tankaɗe, ta yi talge, ta kama muciya tana tuƙi, jikinta gaba ɗaya yana kai da komo. Ba a yi minti 10 ba kan yaro ya langaɓe a kafaɗarta, bakinsa a buɗe. Ta ji sanyi a ranta, don yanzu ne aiki zai tafi. Ba zai farka ba sai an kwashe tuwo an yi Magariba, ya tashi idonsa tar, yana ɓangala dariya. Ƙarfe 9 gida ya yi shiru, kowa ya nemi makwanci, shi kuwa bai fi awa biyu da rabi da tashi ba. Ya ja gashin uwar, ya hau kan uban, ya kama gidan sauro yana jijjigawa, in an kwantar da shi ya callara kuka. Da ƙyar ya yi barci wajen 11 da rabi. Da safe kuwa har hantsi yana kwance, uwar ta bar shi, don ita ma idonta yaji yake yi, ga shara ga wanke-wanke. Barcinsa na farko na rana ya koma kusan Azahar, na biyu ya sake faɗowa daidai lokacin girki. Gobe ma haka.

Babu laifin kowa a nan. Tsarin aikin gida ne ya haɗu da tsarin jikin yaro, suka ba da wannan sakamako. Shi ya sa yake da kyau a san yadda jikin yake aiki.

A 1982 wani masanin barci a Jami'ar Zurich ta ƙasar Suwizalan, Alexander Borbély, ya fitar da bayanin da har yau masana suke tafiya a kai: abu biyu ne ke sa mutum barci. Na farko buƙatar barci ce da ke taruwa tun daga lokacin da aka buɗe ido. Akwai wani sinadari, adenosin, da ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, barci kuma ya rage shi. Kamar yunwa take. Yaron da aka cika wa ciki da ɗanwake da La'asar sakaliya ba zai kalli tuwon dare ba, kome daɗin miyar, kuma ba rashin lafiya ke damunsa ba. A jikin babba wannan buƙata tana ɗaukar wajen awa 16 kafin ta cika. A jikin jariri sabon haihuwa awa ɗaya ma ta isa, ɗan wata 6 kamar awa 2 zuwa 3, ɗan shekara ɗaya awa 3 zuwa 4, ɗan shekara ɗaya da rabi har 5 ko 6. Waɗannan ƙiyasi ne na masu aikin kula da yara, ba doka ba ce, wani yaron ya ɗara wani ya gaza. Amma sun isa su nuna cewa yaron da ya tashi ƙarfe 6 da rabi na yamma ba shi da abin da zai kwantar da shi ƙarfe 8.

Na biyu shi ne agogon jiki, wanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa yanzu rana ce, yanzu dare ne. Haske ne ke saita shi, ta hanyar ido. Idan duhu ya yi, jiki ya fara sakin sinadarin melatonin, wanda ke shirya shi ga barci. Jariri ba ya zuwa duniya da wannan agogo a saite. Sai ya kai wata 2 zuwa 3 jikinsa yake fara fitar da melatonin a kan tsari, kafin nan ɗan abin da yake samu daga nonon uwa ne, domin nonon dare yana ɗauke da shi, na rana kuwa kusan babu. Saboda haka ɗan sati 3 da ke barci da rana ya farka da dare bai mayar da komai ba, bai ma san akwai dare da rana ba tukuna. Kada a wahalar da shi da wani tsari, kada a ja masa rai da nono. Abu ɗaya da za a iya yi masa shi ne a nuna wa idonsa bambancin.

A nan ɗakin jego yake ba mu matsala. Kwana 40 mai jego da jaririnta suna ɗaki, an saki labule, an toshe taga don kada iska ta shiga, ɗaki duhu dulum da rana tsaka. Da dare kuma a kunna fitilar sola mai farin haske a bar ta har asuba, don a riƙa ganin motsinsa. An ba idon yaro labarin a juye. Wata mai bincike a Liverpool ta Ingila, Yvonne Harrison, ta auna hasken da jarirai 56 'yan sati 6 zuwa 12 suke samu, ta wallafa a 2004 cewa waɗanda suka fi barcin dare su ne waɗanda suka fi samun haske a farkon yamma, wajen bayan Azahar. Ba a ce a shanya jinjiri a rana ba. A ɗage labule, a fito da shi inuwar rumfa ko ƙofar ɗaki da hantsi da kuma bayan Azahar, da dare a kashe fitila, in za a ba shi nono ko a sauya masa ƙyalle a haska tocila ƙasa-ƙasa, ba hira ba wasa. Wannan kaɗai, ba tare da an taɓa lokacin barcinsa ba, yana gaggauta daidaituwar agogonsa.

Sai maganar yawan barcin. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na yara 'yan ƙasa da shekara 5: daga haihuwa zuwa wata 3, awa 14 zuwa 17 a yini da dare, wata 4 zuwa 11, awa 12 zuwa 16, shekara 1 zuwa 2, awa 11 zuwa 14, shekara 3 zuwa 4, awa 10 zuwa 13. Duk an haɗa da barcin rana a ciki. Abin lura shi ne faɗin tazarar. Ɗan wata 8 mai awa 12 lafiyarsa ƙalau, mai awa 15 ma haka, kuma suna iya zama 'ya'yan kishiyoyi a gida ɗaya. Kowane yaro da nasa rabo, kuma rabon ba ya ƙaruwa don uwa ta so. Idan rabonsa awa 13 ne, ya kwashe 4 da rabi da rana, 8 da rabi suka rage wa dare. Lissafin ke nan, ba wani sirri.

Yanzu da wayoyi suka yawaita, 'yan matan da suka yi boko suna cin karo da jadawalin Turawa a Facebook da TikTok, wanda ke cewa a kwantar da jariri ƙarfe 7 na yamma ya tashi 7 na safe. Ina ganin wannan jadawali ya fi kawo damuwa a kan amfani a wajenmu. Ƙarfe 7 a Bebeji ko Riruwai ana tsakanin Magariba da Isha'i, ba a ci tuwo ba, maigida yanzu ya shigo, gida a cike yake da hayaniya. Da asuba kuma ladan ya kira, zakara ya yi cara, an fara buga ƙofa da ƙarar buta, yaron da ke kwance a jikin uwarsa zai motsa. Darenmu gajere ne, ya fara bayan Isha'i ya ƙare da fitowar rana. Ko a duniya ma ba lokaci ɗaya ake bi ba. Jodi Mindell da abokan aikinta sun tattara bayanan yara sama da 29,000 daga ƙasashe da yankuna 17, suka wallafa a 2010: a New Zealand ana kwantar da yara wajen 7 da rabi, a Hong Kong bayan ƙarfe 10. Saboda haka yaron Doguwa da ke kwanciya 8 da rabi ya tashi 6 ya samu awa 9 da rabi, sauran awa 3 ko fiye dole rana ce za ta biya shi. Barcin rana a wajenmu ya fi muhimmanci a kan yadda yake ga mai dare awa 12.

Wannan ya sa ban yarda da shawarar da wasu ke bayarwa ba, cewa a hana shi barcin rana gaba ɗaya don ya gaji. Zai gaji, amma gajiyar da ke zuwa da kuka marar dalili, da banƙarewa, da ƙin kama nono, ya kuma ɓingire da Magariba ko an so ko ba a so, ya farka ƙarfe 9 a koma gidan jiya. Ban da haka, a barcin rana ne ƙwaƙwalwarsa ke adana abin da ya koya. A 2015 Sabine Seehagen da abokanta a Jamus da Ingila sun gwada jarirai 216 'yan wata 6 da wata 12, aka nuna musu wani wasa da 'yar tsana. Waɗanda suka yi barcin aƙalla minti 30 cikin awa 4 bayan an nuna musu sun tuna, waɗanda ba su yi ba suka manta. Abin da ake nema shi ne a matsar da barcin zuwa inda ya dace da shi, ba a kashe shi ba.

Shaidar da ta fi kusa da maganarmu daga Japan ta fito. A 2016 likitoci a Tokyo sun ɗaura wa yara 50 'yan shekara ɗaya da rabi na'urar auna motsi na tsawon mako guda, suka ga cewa yadda barcin rana ya yi tsawo, da yadda ya yi jinkirin ƙarewa, haka barcin dare ke jinkirin farawa kuma yake gajarta. Lokacin da yaro ya tashi daga barcinsa na ƙarshe shi ne ke riƙe da ragamar daren.

To da wane agogo za a yi aiki, a gidan da uwa ba ta da lokacin duba waya? Muna da shi, kuma ya fi na bango. Yankin nan yana kusa da tsakiyar duniya, shekara duka rana tana fitowa tsakanin ƙarfe 6 da 7 ta faɗi tsakanin 6 da 7, ba kamar Landan ba inda take faɗuwa kafin ƙarfe 4 da sanyi, bayan 9 da bazararsu. Kiran salla yana bin rana, kowa kuma yana jin sa, har gidajen da ba na Musulmi ba. Ɗan wata 7 zuwa shekara ɗaya da 'yan watanni, wanda barci biyu ke isarsa, ya tashi da fitowar rana. Barcin farko da hantsi, wajen ƙarfe 9, na awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Na biyu, wanda shi ne babba, daga Azahar, kuma kiran La'asar ya zama iyakarsa. Daga nan ido biyu har Isha'i, awa 4 ke nan ko kusa, daidai abin da zai tara masa buƙatar da za ta kwantar da shi. Ɗan wata 4 zuwa 6 ba zai iya jure wannan tazara ba, yana buƙatar ɗan gyangyaɗi na uku, amma gajere, minti 20 zuwa 30, a tashe shi kafin rana ta yi ja. Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi yawancin yara suna watsar da na hantsi da kansu. Alamar ita ce a goya shi da safe ya ƙi barci, ko ya yi na safe ya ƙi na Azahar. Sai a haɗe su ya zama guda ɗaya bayan abincin rana, awa ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ba baƙon tsari ba ne wannan. Ƙailula sananniya ce a addini, aya ta 58 a Suratun Nur ma ta lissafa tsakar rana cikin lokutan hutu uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum. Tsofaffinmu kuma tun fil azal suna tashin duk wanda suka gani kwance bayan La'asar, suna cewa ba kyau. Malaman hadisi sun raunana ruwayar da ke cewa barcin yana taɓa hankali, amma hanin kansa ya dace da abin da na'urorin Tokyo suka auna. Abin mamaki shi ne jariri kaɗai aka cire daga wannan hani. Shi in ya yi barci, a kowane lokaci ne, ba a taɓa shi.

Nan ne gyaran yake cin karo da mutane, ba da yaro ba. Matashiyar uwa, musamman mai ɗan fari da kunya ta hana ta nuna ta damu da shi a gaban surukai, ta kai hannu za ta kwance goyo, sai uwar miji ta ce, "Ke 'yar nan, bar shi mana. Ana tashin yaro yana barci? Alhaki ne." Ba a yi wa Inna gardama, kuma ba sai an yi ba. Abin da ya fi shiga shi ne a miƙa mata aikin: "Inna, ku duba min shi. Jiya sai sha biyu ya bar mu muka runtsa. Ko za ku riƙe shi a wajenku har in sauke tukunya, kada ya yi na yamman nan?" Kakar da aka ba jika a hannu ba ta ƙi. Za ta zaunar da shi a cinya tana yi masa wasa, tana tsokanarsa da mijinta ko kishiyarta, yana kallon awaki ana ɗaure su, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake so: haske, motsi, fuskokin mutane. Tashin yaro ba cutarwa ba ne in an yi a hankali. A sauke shi daga baya, a fito da shi sarari, a shafa masa ruwa a fuska, a ba shi nono. Zai yi ɗan kukan minti biyu ya ware.

Babbar tambayar dai ita ce wa zai riƙe shi lokacin girki, don muddin yana bayan mai tuƙa tuwo barci zai yi. A gidan da ke da abokiyar zama, wadda ba ranar girkinta ba ce za ta iya karɓa, gobe a rama mata. Wasu suna ɗora girkin dare tun kafin La'asar, lokacin da yaro ke barcinsa na Azahar, su zuba a kula. Wasu su mayar da wankan yamma daidai lokacin da ya fara lumshe ido, ruwa ya wartsakar da shi. Amma akwai mutum ɗaya da ba a cika ambatonsa ba, alhali a wannan sa'a hannunsa ba komai: uban. Ya dawo daga gona ko kasuwa, ya yi La'asar, yana zaune a dakalin ƙofar gida ko majalisa har Magariba. Shi ne kuma wanda ƙarfe 11 na dare zai ce, "Wai ba za ki rarrashi yaron nan ba ne? Gobe sammako zan yi." Awa ɗaya da ɗansa a kafaɗa, daga ƙofar gida zuwa wajen mai shayi a dawo, ta fi duk wani faɗan da zai yi da dare amfani. Ban san wani abu da ya rage wa namiji daraja a wannan ba, kuma dattawa da yawa da jikokinsu a cinya suke zaman yamma.

Kada a ɗauka goyo nake zargi. Goyo yana cikin mafi alherin abin da muka gada. A 1986 likitoci biyu a Montreal ta Kanada, Hunziker da Barr, sun sa wasu iyaye su ƙara yawan ɗaukar jariransu, suka samu kukan ya ragu da kashi 43 cikin 100 a sati na 6, wanda shi ne lokacin da kukan jarirai ke kai ƙololuwa, galibi da almuru. A 2022 kuma ƙungiyar Kumi Kuroda a cibiyar RIKEN ta Japan ta nuna cewa tafiyar minti 5 da jariri mai kuka a jiki tana kwantar da bugun zuciyarsa har ya yi barci, kuma in aka zauna da shi wasu minti 5 zuwa 8 kafin a shimfiɗe shi, ya fi wuya ya farka. Duk mai goyo ta san rabin farko. Rabin na biyu shi ake yawan tsallakewa, a sauke yaro da zarar kansa ya langaɓe, bayansa na taɓa katifa ya buɗe ido. Goyo makami ne mai ƙarfi na sa barci, sai a yi amfani da shi da hantsi, da Azahar, da bayan Isha'i, a kauce masa da La'asar sakaliya.

Gyaran daga safe ake fara shi, ba daga dare ba. Ba a iya tilasta wa yaro barci, amma ana iya tashinsa. Idan ya saba kaiwa ƙarfe 9, kada a fizge shi zuwa 6 a rana ɗaya. A riƙa ja da baya da minti 15 ko 20 duk bayan kwana biyu ko uku, sauran barcin za su biyo baya da kansu. Kwanakin farko za a sha rigima da yamma, nan ne mutane ke karaya su ce bai yi ba. A ba shi sati ɗaya zuwa biyu. A kuma sa wa daren alama wadda ba ta sauyawa: a goge masa jiki ko a yi wanka, a shafa mai, a sa rigar barci, a yi masa addu'a, a rage haske, a ba shi nono. Binciken Mindell na 2009 a kan iyaye mata 405 ya nuna wanka da tausa da ɗan lallashi, in aka jera su kullum a tsari ɗaya, suna sa yara saurin barci da rage farkawa cikin sati biyu. Waya kuma a nisanta ta da fuskarsa. Haske mai ƙarfi da dare yana danne melatonin a jikin yara fiye da manya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ɗan ƙasa da shekara ɗaya bai kamata a ba shi kallon allo ba ko kaɗan.

Yanayi yana taɓa tsarin. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, ɗakin kwano da Azahar ba ya shiguwa, barcin rana sai a inuwar bishiya ko zaure, da dare kuma kowa yana tsakar gida har 10 ana jiran ɗaki ya huce, don haka komai zai ɗan matsa gaba. Da damina matan da ke fita gona, da matan Fulani masu tallan nono, da masu turarar shinkafa a Tudun Wada, yaro a baya yake yini, barci guntu-guntu. Ba laifi, in dai an kiyaye iyakar nan ta yamma. Da hunturu, musamman a tsaunukan Riruwai da kewayen dajin Falgore inda sanyi ke ratsa ƙashi, haɗarin ba na jadawali ba ne: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari amma tana kisa, kuma lulluɓe jariri har ka da bargo mai nauyi yana toshe masa numfashi. A kowane yanayi a kwantar da shi rigingine a kan shimfiɗa mai tauri, ba matashi, cikin gidan sauro. A Amurka mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a shekarun 1990 bayan an koma kwantar da su rigingine. Da azumi kuwa, da sahur da tarawihi da girkin buɗa baki, tsari zai wargaje, a haƙura a sake ɗaura shi bayan Salla.

Akwai abin da gyaran barcin rana ba zai yi ba, gara a sani tun yanzu. Zai jawo lokacin kwanciya ya dawo kusa, ya rage zaman ido biyu na tsakar dare, amma ba zai hana mai shan nono farkawa ya nema ba. Zagayen barcin jariri bai fi minti 50 zuwa 60 ba, na babba kusan 90, kuma a ƙarshen kowane zagaye yana ɗan tasowa sama. Charles Super da Sara Harkness, da suka zauna cikin Kipsigis a ƙauyen Kokwet na Kenya a shekarun 1970, sun ga jariran da ke kwana jikin uwa suna shan nono yadda suka so ba sa wuce kamar awa 4 da rabi a miƙe har wata 8, alhali takwarorinsu na Amurka suna kai 8. Lafiyarsu ƙalau. Namu irin na Kokwet ne. Yaron da ya motsa, ya kama nono, ya koma cikin minti 5, ba shi da matsalar barci.

Wanda ke da matsala daban ne, kuma ba jadawali yake buƙata ba. Zazzaɓi, jan kunne yana kuka, numfashi da sauri, ƙaiƙayin jiki da ke tsananta da dare, gudawa, ko nauyi ya tsaya a katin awo, waɗannan na asibiti ne. Mafi haɗari shi ne wanda iyaye ke murna da shi: yaron da ya yi lakwas, barci ba ƙaƙƙautawa, ana tashinsa da ƙyar, ya ƙi kama nono. Da damina a wannan yanki zazzaɓin cizon sauro shi ne abin zargi na farko, a kai shi a yi gwaji a ranar. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa, ko ɗan zafin jiki kaɗan ko ƙin shan nono ya isa a tashi a tafi.

Sai maganin kemis. Uwar da ta yi wata guda ba ta samu barcin kirki ba, in aka ce mata ga ruwan magani cokali ɗaya zai kwantar da shi, da wuya ta ƙi, kuma ba zan ga baƙinta ba. Amma Piriton da Phenergan da ake ɗura wa yara don su yi barci ba don haka aka yi su ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta sa wa Phenergan gargaɗi mafi tsanani tun ƙarshen 2004, cewa kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2, saboda yana iya tsayar da numfashi. Maganin haƙori ma mun ga abin da ya jawo: tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 ruwan maganin My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadari mai lalata ƙoda, ya kashe yara aƙalla 84 a Najeriya, wasunsu a asibitin koyarwa na Zariya aka kwantar da su, har NAFDAC ta rufe kamfanin. Kafin a je kemis, a sami takarda, ko bayan kalanda ne, a yi kwana uku ana sa alama: yaushe ya tashi da safe, yaushe ya yi kowane barci, yaushe ya farka daga na ƙarshe, yaushe ya kwanta da dare. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗan makaranta ya rubuta mata da ajami ko boko, da sunayen salloli a madadin ƙarfe. In an gyara na yamman sati biyu ba a ga sauyi ba, a tafi da takardar wajen malamar asibiti ranar rigakafi, ta duba ta tare da katin awo.